Jawabin Kwamitin Watsa Labarai: Mu Ci Moriyar Waya, Kada Waya Ta Ci Mu



Uwar ƙungiya, shugabarmu da mataimakiyarta, ma'aji da sakatariya, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu da suka ba da izini kuma suka tako da ƙafarsu, 'ya'yanmu da ƙannenmu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin bayani a kan kafafen sada zumunta, wato WhatsApp da Facebook da TikTok da ire-irensu, da yadda ƙungiya irin tamu za ta amfana da su. Mu ba kamfani ba ne, ba mu da kuɗin talla, ba mu da ma'aikaci mai albashi da zai zauna yana danna waya. Mu da ke cikin kwamitin nan 'yan kasuwa ne, wasunmu ma ba mu iya haɗa baƙi ba sai da muka haihu muka yaye. Saboda haka da harshen kasuwa za mu yi maganar, a yi haƙuri da mu.

'Yan uwa, babban jarin ƙungiyar nan shi ne yarda. Mace ba ta kwance bakin zaninta ta miƙa wa ma'aji zubin mako sai don ta tabbata kuɗinta na nan, ranar da ta buƙaci rance za a ba ta, kuma sirrinta ba zai fita ba. To duk abin da aka ɗora a waya da sunan ƙungiya, ko dai ya ƙara wannan yardar ko ya rage ta. Da wannan mudun muke so mu riƙa auna komai.

Mun faɗi haka ne domin yawancin mutane da yawan mabiya suke aunawa. Su ce shafin wance ya tara dubbai, hoton wance ya sha laik. Duk wadda ta taɓa zama a Kantin Kwari ko Sabon Gari ta san cincirindo a bakin shago daban, ciniki daban. Wani ya zo shan inuwa ne, wani taya kaya kawai yake ya wuce. Abin da muke roƙon sakatariya ta riƙa rubutawa a ƙarshen kowane wata shi ne: mata nawa suka zo taro bayan an yi sanarwa, nawa suka kawo zubi a kan lokaci, wace sabuwa ce ta zo ta ce a waya ta ji labarinmu, kaya nawa aka yi oda kuma aka biya. Idan waɗannan suna ƙaruwa, waya tana mana aiki. Idan ba sa ƙaruwa, data kawai muke ƙonawa.

Bari mu fara da WhatsApp, tunda shi ne ya fi yawa a hannunmu. Zaure ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, don haka wuri ba zai taɓa yi mana kaɗan ba. Hayaniya ce matsalar. Kowa a nan ta san zauren da za ki buɗe da safe ki tarar da saƙo sama da ɗari, hotunan barka da Juma'a, bidiyon biki, tallan atamfa, labarin da ba a san tushensa ba, sanarwar taro kuma ta nutse a tsakiya babu wadda ta gani. Shawararmu ita ce zaure biyu. Na farko na sanarwa ne zalla, a saita shi yadda shugabanni kaɗai ke iya tura saƙo, WhatsApp ya tanadi wannan. Duk wadda ta ga saƙo ya shigo nan ta san magana ce ta ƙungiya: ranar taro, ranar zubi, rabon riba, rasuwa ko haihuwa a gidan 'yar ƙungiya. Na biyu shi ne na hira da ciniki, kowa ta baje kolinta, amma shi ma da doka. Ba siyasa, ba gulma, ba tura dogon bidiyo. Ku tuna a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. 'Yar uwar da ta sayi data daga ribar ƙosai, bidiyo ɗaya zai iya cinye mata ita. Kowa ta sa ɗanta ko 'yarta su kashe mata saitin da ke sa hoto da bidiyo suna sauka da kansu.

Akwai doka ɗaya da muke roƙo a riƙe ta da hannu biyu: ba a kiran sunan mai bashi a zaure. Ko ta yi wata uku ba ta biya ba, ma'aji ta kira ta ita kaɗai, ko a tura dattijuwa biyu gidanta. Abin da aka rubuta a zaure ana ɗaukar hotonsa cikin ƙiftawar ido, kafin la'asar ya isa wajen kishiya ko dangin miji. Ƙila kuɗin su dawo, amma matar ba za ta dawo ba, kuma waɗanda suka gani za su ji tsoron karɓar rance. Ƙungiyar da mata ke tsoron karɓar rance a cikinta kuwa ta rasa dalilin kafa ta.

Sai maganar waɗanda ba su yi nisa a karatu ba. Kowace sanarwa a yi ta sau biyu, a rubuce da kuma saƙon murya. Saƙon muryar kada ya wuce minti ɗaya. A yi sallama a taƙaice, a faɗi rana, lokaci, wuri da adadin kuɗi, a maimaita su sau ɗaya, shi ke nan. Saƙon minti bakwai da aka fara da gaishe-gaishe, mace tana tuya ko tana awo, ba za ta kai ƙarshensa ba. Sannan kada mu manta da 'yan uwanmu masu ƙaramar waya mai tocila, da waɗanda wayar ta maigida ce, sai ya dawo da dare. A kowace unguwa a naɗa mace ɗaya da za ta kai musu saƙo da baki ko ta kira su. Zubinsu daidai yake da na mai babbar waya, haƙƙinsu na jin labari ma daidai yake.

Amma fa saƙon murya ba ya ɗauke wa mutum karatu. Murya ba za ta karanta miki sunan da ya fito ba lokacin da za ki yi taransifa. Ba za ta nuna miki bambancin 5,000 da 50,000 a alat ba, sifili ɗaya ne tsakaninsu. Mu da muka zauna a ajin manya mun san daɗin ranar da mace ta karanta saƙonta da kanta ba ta nemi yaron maƙwabta ya san cinikinta ba. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya, ajujuwan nan kuma suna nan har yau. Wadda ta fara ta bari, ta koma. Wadda ke jin kunyar shekarunta, ta dubi mu da ke tsaye a gabanta. Ita ma wayar ana iya sa mata Hausa a wajen rubutu, har da ƙ da ɗ da ɓ, sai ta zama allon gwaji a hannunki kullum.

Yanzu Facebook. WhatsApp tsakar gida ne, mu da mu. Shafin Facebook kuwa ƙofar gida ce, baƙo ke gani. Wane baƙo? Jami'in ma'aikatar da ke kula da ƙungiyoyin gama kai, ƙungiyar agaji mai neman matan da za ta horar, mai saye daga Abuja ko Kaduna ko Legas, da 'yar unguwa mai shawarar shigowa. Duk abu ɗaya suke dubawa: ƙungiyar nan tana raye? Su wa ke jagorancinta? Tana da rajista? Abin da aka ba ta a baya, me ta yi da shi? Don haka a saman shafin a rubuta cikakken suna, unguwa, shekarar kafawa, lambar rajista da lambar wayar ƙungiya.

Shafi kamar rumfa yake. Rumfar da ake buɗewa yau a rufe mako uku, kwastoma na komawa maƙwabciya. Gara a ɗora abu ɗaya kowane mako, rana sananniya, da a zuba hoto ashirin ranar biki a yi shiru wata shida. Abin da za a ɗora kuma ya kasance mai ƙashi a ciki. Maimakon a rubuta “ƙungiyarmu tana tallafa wa mata”, a rubuta ranar da aka yi horon haɗa sabulu, unguwar da aka yi, mata nawa suka zauna, nawa aka kashe, daga ina kuɗin suka fito. Bayan wata uku a dawo a faɗi nawa ne cikinsu suka fara sayarwa, ko da kaɗan ne, a faɗi gaskiyar adadin. Mai ba da tallafi ya saba jin daɗin baki, abin da yake nema shi ne lissafi. Gani ya kori ji. Idan wani ya taimaka, a tambaye shi ko yana so a ambace shi, domin akwai masu son a yi godiya a fili, akwai masu son a rufe. A rubuta da Hausa, tunda ita ce tamu, wata daga cikin 'ya'yanmu ta ƙara layi biyu na Turanci a ƙasa saboda baƙi. Wanda ya yi tambaya a shafin kuma a ba shi amsa a ranar, ko da amsar ita ce “mun gani, za mu kira ka gobe”.

Wasu matasanmu sun ce mu buɗe TikTok da Instagram da X gaba ɗaya. Mun gode da shawara, amma mace ɗaya ba ta tsaron rumfa huɗu. Mu riƙe biyun nan da kyau tukuna. In an samu mai lokaci daga baya, gajeren bidiyon hannu yana murza ƙuliƙuli ko yana haɗa turaren wuta ya isa talla, ba sai an nuna fuska ko an yi rawa ba.

Wannan ya kawo mu kan hoto, kuma a nan muke so iyayenmu da mazajenmu su saurara da kyau, domin mun san nan ne damuwarsu take. Ba a ɗaukar hoton kowace mace a ɗora sai an tambaye ta ta yarda, kuma an faɗa mata inda za a sa. Wadda ta ce a'a, ba a yi mata gori, ba a rage mata komai daga haƙƙinta. Marayu, da matar da mijinta ya rasu, da duk wanda aka kai wa taimako saboda rashi, ba a nuna fuskarsu sam. Buhun shinkafa yana ƙarewa cikin wata ɗaya, hoton yaro yana karɓarsa kuwa yana nan har ya girma ya je neman aure. A ɗauki kayan, a ɗauki hannuwa suna aiki, a ɗauki taro daga baya. Ko a hukumance, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗauki hoto da lambar waya da sunan mutum a matsayin abin da ba a wasa da shi, na ƙaramin yaro kuma sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Abin da ya hau intanet zarar bunu ne, ko kin goge a wayarki yana wayar wani.

Ga masu saye da sayarwa a ƙarƙashin sunan ƙungiya, ga abin da kasuwa ta koya mana. Ki ɗauki hoton kayan da hasken rana, yadda suke, ba tare da kwalliyar waya ba. Ki rubuta farashi da ma'auni a fili: kwalba ce ko galan, mudu ne ko rabi, yadi nawa ne. Ki faɗi wa zai biya kuɗin mota in za a sa a tasha, ki tura wa mai saye lambar direba. Sitatus ɗin WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka abin da ya ƙare kada ki sake ɗora shi. Akwai kuma hanyar tura saƙo ɗaya ga mutum har 256 kowa shi kaɗai, amma sai wanda ya ajiye lambarki zai samu, don haka ki riƙa cewa kwastoma ya ajiye ta tun ranar farko. Kada wata ta rubuta cewa haɗinta yana warkar da ciwon suga ko hawan jini ko rashin haihuwa. Abinci da magani da kayan shafa da ake ƙullawa a sayar suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC ne, kuma ƙungiya na iya haɗa kai ta nemi rajista maimakon kowa ta yi ta kanta. Man gyaɗar mace ɗaya in ya zo da gauraye, mai saye ba zai ce wance ba, cewa zai yi matan ƙungiya kaza.

To, sai ɓarayi. Yadda kasuwa ke da 'yan sane, haka waya take da su, kuma zauren mata masu adashi wurin kiwonsu ne. Hanyoyinsu sanannu ne. Wani zai kira ki da ladabi ya ce daga ƙungiya yake, za a yi taro ta waya, ki karanto masa lamba shida da ta shigo miki yanzu. Wannan lambar ita ce makullin WhatsApp ɗinki. Kina faɗa ya ƙwace shi, ya shiga tura wa 'yan uwanki da sunanki cewa kina asibiti a taimaka. Maganinsa biyu ne: kada ki faɗa wa kowa lambar, sannan ki sa lambar sirri ta biyu da WhatsApp ya tanada, ita ma guda shida ce, ke kika zaɓe ta. Yau kafin a watse, yaranmu na kwamiti suna bakin ƙofa za su nuna wa duk mai so yadda ake sa ta. Idan kuma saƙo ya zo da sunan shugaba ko ma'aji ana neman kuɗi, ki kira ta ki ji muryarta kafin ki tura ko sisi.

Akwai alat na bogi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 yawancinmu muka koma karɓar taransifa, masu damfara ma suka biyo mu. Hoton rasit da mai saye ya nuna miki ba kuɗi ba ne. Ki duba asusunki ki ga sun shiga kafin kaya su bar hannunki. Akwai saƙon tallafi, wai gwamnati ko wata ƙungiyar waje na raba jari, ki danna nan ki sa BVN da NIN ki biya kuɗin fom. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinki ta waya, tallafin gaskiya kuma yana da ofishin da za a je a tambaya. Akwai masu cewa kawo dubu goma ki karɓi ashirin. Mun ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, kuma ta waya aka riƙa jawo mutane, aboki ya jawo aboki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Saƙon da kika ga kibiya biyu a samansa, alama ce ya yi yawo hannu da hannu, ba a san mafarinsa ba. Kada a tura irinsa zauren ƙungiya sai shugabanni sun bincika, domin 'yar uwa in ta gani a zaurenmu za ta ɗauka ƙungiya ce ta tsaya masa.

Saura maganar makulli. Shafi da zaure dukiyar ƙungiya ne, kamar littafin zubi da hatimi. Ƙungiyoyi da dama sun rasa shafinsu saboda ɗan wata ne ya buɗe da lambarsa, ya tafi makaranta ko aka samu saɓani da uwarsa, ya tafi da shi. Muna ba da shawara ƙungiya ta mallaki layinta na kanta. Tunda yanzu kowane layi sai an haɗa shi da NIN, a rubuta a littafin taro da sunan wa aka yi rajistarsa, ta sa hannu cewa na ƙungiya ne. A riƙa sa masa kati ana kira da shi, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na ba wani. Masu riƙe da shafi su zama uku, kada su gaza haka. Lambobin sirri a rubuta a rufe a ambulan wajen ma'aji, ranar da aka yi zaɓe a miƙa su tare da littattafai, sababbin shugabanni su canza. Kuɗi kuma asusun banki mai sunan ƙungiya kaɗai za a riƙa sanarwa, kada a taɓa sa na wata, komai amanarta. Wannan kariya ce gare ta ita ma, ranar da lissafi ya rikice ba za a nuna ta da yatsa ba.

Duk da haka, kada mu jingina gaba ɗaya da abin da ba namu ba. Shekarar 2021 kaɗai ta isa darasi. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, sai Janairun 2022 aka buɗe. A watan Satumba aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, 'yan uwanmu na can suka yi makonni ba kira ba saƙo. Ranar 4 ga Oktoba kuma WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya kusan awa shida. Saboda haka littafin zubi na takarda yana nan daram, kowace mace da katinta, lambobin 'yan ƙungiya a rubuce a littafi, taron ido da ido kuma ba a fasa shi.

A ƙarshe muna da roƙo. 'Yan uwa mata, kowa ta buɗe zauren sanarwa sau ɗaya a rana, ta sa lambar sirri ta biyu, ta kai wa maƙwabciyarta marar waya labari. Mazajenmu, ga dokokinmu kun ji su da kunnenku. Wanda yake da shakka ya zo ya ga shafin, ƙofa a buɗe take, kuma muna roƙo a bar matan su riƙe wayarsu su je aji. 'Ya'yanmu, ku ne idonmu a wannan fanni, ƙungiya za ta riƙa sa muku data saboda aikin da kuke yi. Amma in uwarku ta tambaye ku, ku nuna mata ta danna da hannunta, kada ku karɓe wayar ku yi mata. Shugabanni kuma muna roƙo a kawo waɗannan shawarwari taro mai zuwa, a karanta su ɗaya bayan ɗaya, abin da aka amince da shi a shigar da shi cikin dokokin ƙungiya.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a zubinmu da cinikinmu, ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba, ya mai da kowa gidanta lafiya.